Santsi babu mai: busasshen shafin da ke raba ƙarfe da ƙarfe

Duk mai shago a Kano ko Damagaram ya san halin kwaɗo idan hunturu ya kankama. Ka zo da sassafe hannu a ƙage, ka zura makulli, ya shiga rabi ya cije. Abin da akasarinmu kan yi shi ne mu nemi ɗan baƙin mai ko man gyaɗa mu ɗiga a ramin. A ranar kwaɗon zai buɗe sumul. Bayan mako biyu kuwa sai ya fi da gardama, domin man da aka ɗiga ya zauna yana tara duk ƙurar da iska ta kwaso, har ta zama baƙin kwaɓi ta liƙe 'yan sandunan da ke ciki. Tsofaffin masu yanka makulli wata dabara suke yi. Fensir suke ɗauka su goga bakinsa a haƙoran makullin har ya yi baƙi yana ɗan sheƙi, su zura su zare sau uku ko huɗu, kwaɗo ya saki. Babu maiƙo, saboda haka babu abin da ƙura za ta kama.

Wannan dabarar ta fensir ita ce tushen wata babbar sana'a a masana'antun duniya. Ana ɗaukar noti da bawul da fistan da sassan jirgin sama, a fesa musu wani siririn shafi, a gasa a tanda, su fito a bushe ƙayau amma da santsi kamar an goga musu sabulu. Zan kira shi busasshen shafi. Abin da ya sa na ga ya cancanci dogon bayani shi ne, ƙasar ƙura irin tamu tana cikin wuraren da ya fi yi wa rana, ga shi kuma ido ba ya iya raba na ƙwarai da na banza a cikinsa. Wanda bai san yadda yake aiki ba zai iya biyan kuɗin shafi a miƙo masa baƙin fenti.

Ƙarfen da aka goge har kana ganin fuskarka a jikinsa, idan aka sa shi ƙarƙashin madubin da ke girmama abu, tudu da kwari ne. Idan aka ɗora wani a kansa, ƙololuwar tuddan ce kaɗai ke haɗuwa, kuma a kanta duk nauyin ke sauka. Matsin kan yi yawa har su manne kamar an yi musu walda, sannan motsi ya fizge su. Wannan mannewa da fizgewa ita ce ke cinye ƙarfe. Aikin mai shi ne ya shiga tsakani ya ɗaga wannan daga kan wancan, kuma yana yinsa da kyau ƙwarai. A cikin injin mota da ke juyi dubbai a minti ɗaya, har gobe babu kamarsa. Sai dai yana da sharuɗɗa. Yana son gudu, don gudun ne ke jawo shi ƙarƙashin nauyi. Abin da ke motsi a hankali da kaya mai nauyi, ko wanda kan shekara bai motsa ba, matse man yake yi ya fitar da shi gefe. Zafi na ƙona shi, tsananin sanyi na daskarar da shi, a sararin samaniya inda babu iska kuwa tururi yake zama ya ɓace. Sannan yana kama datti.

Wannan na ƙarshen shi ne ciwonmu. Babban kaso na ƙurar hunturu daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi take tasowa, busasshen gindin tsohon tafki ne, kuma yana cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. A hanya tana haɗuwa da ɓarɓashin yashi, shi kuwa yashi ya fi ƙarfe na yau da kullum tauri. Je ka wurin ɗan acaba da ya jiƙe sarƙar babur ɗinsa da baƙin mai, ya yi mako yana bin hanyar burji. Lakato abin da ke jikin sarƙar ka murza tsakanin yatsu biyu. Za ka ji shi garas-garas, tamkar man nan da bakanike ke wasa bawul da shi. Abin da aka sa don ya kare ƙarfe ya koma magagari. Haka abin yake a kamfanin siminti, da wurin fasa dutse, da injin casar shinkafa, duk inda gari ke tashi ya sauka kan giris.

To, ta yaya busasshen abu ke yin santsi? Ɗauki bandir ɗin takarda ka ajiye a tebur. Taka shi ta sama, ko gezau ba zai yi ba. Tura shi ta gefe da yatsa ɗaya, sai fallayen su zame, wannan a kan wancan. Haka ƙirar girafait take, wato baƙin abin da ke cikin fensir: fallaye ne na kabon, kowane falle da ƙarfi a karan kansa, amma riƙon da ke tsakaninsa da na kusa da shi sako-sako ne. Bakin fensir ma ba zallar girafait ba ne, da yumɓu a ciki, shi ya sa mai lamba 2B da ya fi laushi ya fi mai lamba HB dacewa da kwaɗo.

Ɗan uwansa da ya fi shi suna a masana'antu shi ne molibdinam daisalfaid, wanda masu sana'ar ke taƙaitawa su ce moli. Bakanikenmu ya san shi ko da bai san sunansa ba, don shi ne ke baƙanta giris ɗin nan da ake cusa wa kan shaf ɗin mota. Kowane fallensa hawa uku ne: farar wuta sama, farar wuta ƙasa, ƙarfen molibdinam a tsakiya. Kamanninsu da girafait ya kai ga an daɗe ana ɗaukar su abu guda, har ana haɗa su da dalma, sunan molibdinam ma daga kalmar Girkanci ta dalma aka samo shi. Sai a 1778 masanin haɗa sinadarai na Suwidin, Carl Wilhelm Scheele, ya nuna dutsen moli daban yake. A 1923 Roscoe Dickinson da Linus Pauling suka gano yadda fallayen nasa suke jere.

Kama da wane ba ta wane, kuma a nan ne mai saye ya fi yin kuskure. A Yaƙin Duniya na Biyu, da jirage suka fara tashi can ƙololuwa inda iska ta bushe, sai aka ga buroshin kabon na janaretocinsu yana cinyewa cikin ɗan lokaci, yana zuba kamar gari. Binciken da Robert Savage na kamfanin General Electric ya wallafa a 1948 ya nuna cewa santsin girafait aro ne, sai da ɗan danshi ko wani tururi da ya sauka a jikinsa yake zamewa. Idan babu, shi kansa ya zama mai gurzawa. Moli kuwa akasin haka ne. Inda babu iska babu danshi nan yake nuna bajintarsa, yayin da danshi ke rage masa santsi da kwana. Idan zafi ya haura digiri 350 zuwa 400 a ma'aunin Salshiyas, iska takan ƙone shi ya koma wani gari dabam da bai kama ƙafarsa a santsi ba. Girafait ya ɗan fi shi jure zafi a fili, amma yana da nasa aibin: wutar lantarki na bin sa, don haka idan aka shafa shi a alminiyam kuma ruwan gishiri ya taɓa, sai ya zama kamar batir, alminiyam ɗin ya dinga zagwanyewa. Wannan ne ya sa ƙa'idar rundunar sojan Amurka mai lamba MIL-PRF-46010 ta hana sa girafait a cikin shafin. Kenan shafin da zai yi wa injin da ke Agadas aiki ba lallai ne ya yi wa bawul ɗin da ke bakin teku a Fatakwal ba.

Na uku shi ne PTFE, wanda aka fi sani da sunan kasuwa Teflon, baƙin shafin cikin kaskon suyar nan da ƙwai ba ya kamawa. Roy Plunkett na kamfanin DuPont ya yi kiciɓis da shi a watan Afrilun 1938, lokacin da ya buɗe tukunyar gas ya tarar gas ɗin ya daskare ya zama farin gari mai santsi. Shi ba fallaye ba ne, dogayen zaruruwa ne da kusan babu abin da ke manne musu. Ruwa da gishiri da yawancin sinadarai ba sa yi masa komai, yana aiki har zuwa wajen digiri 260, sai dai taushi gare shi, kuma ba ya ɗaukar irin nauyin da moli ke ɗauka. Shuɗayen notocin nan da ake gani a bututun mai da rijiyoyin cikin teku galibi shafi ne mai PTFE, irin su Xylan. Akwai kuma wasu na musamman, kamar tangistin daisalfaid da ake harbawa a jikin ƙarfe ya zauna da kaurin rabin maikiron kacal (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), da boron naitiraid, farin gari mai jure zafin da ya kusa digiri 900.

Gari shi kaɗai ba ya daɗewa a jikin ƙarfe, kamar yadda na fensir ba ya daɗewa a makulli. Don haka ake kwaɓa shi da wani irin gam, a tsinka da tina, a fesa ko a tsoma kayan a ciki a wujijjiga su su tsane. Gam ɗin shi ne ke riƙe garin, kuma sau da yawa shi ne ke fara gazawa, tun kafin zafi ya kai inda moli zai ƙone. Wanda ake bari ya sha iska ya bushe da kansa ya fi sauƙin aiki, shi ne ke zuwa a gwangwanin feshi, amma kwanansa kaɗan ne. Na ƙwarai sai an gasa shi, yawanci awa ɗaya a digiri 150 ko kuma wajen 200, gwargwadon irin gam ɗin. Ko a nan da lura, don akwai alminiyam ɗin da digiri 200 ke kashe wa ƙarfi, dole a zaɓa masa mai gasuwa a ƙaramar wuta.

A ganina fiye da rabin aikin an gama shi tun kafin a ɗauki bindigar feshi. Sai an wanke ƙarfen tas daga maiƙo, har maiƙon tafin hannu. Sai an harbe shi da lallausan yashi na musamman don jikinsa ya yi ɗan kaushin da gam zai kama. Idan baƙin ƙarfe ne a tsoma shi a ruwan fosfet, wanda ke yi masa wani ɓawo mai 'yan ramuka da shafin ke shiga ya zauna, ya kuma taimaka wajen hana tsatsa. Alminiyam da ƙarfen da ba ya tsatsa kowanne da irin nasa wankan. Duk wannan aiki yana ɓoye ƙarƙashin shafin. Mai son araha zai tsallake shi ya fesa a kan ƙarfen da aka share da tsumma, kayan su fito baƙi wuluk gwanin sha'awa, ranar farko da aka ɗaure su shafin ya saluɓe kamar fatar maciji.

Kaurin shi ma abin mamaki ne. Tsakanin maikiron 5 zuwa 20 ake nema ga yawancin ayyuka. Silin gashin kai wajen maikiron 70 ne, fallen takardar rubutu wajen 100. Mu da muka saba da cewa idan an ƙara fenti an ƙara inganci, nan abin ya sha bamban. Idan shafin ya yi kauri ɓarewa yake yi, ko kuma noti ya ƙi shiga. Kuma sabon shafi bai kai ƙarshen santsinsa ba sai ya ɗan yi aiki. A motsin farko fallayen ke kwanciya su fuskanci gefe guda, wani ɓangare ya koma jikin ɗaya ƙarfen, daga nan moli ne ke zamewa a kan moli.

Inda amfaninsa ya fi fitowa fili ga mai sifana a hannu shi ne ɗaurin noti. Duk wanda ya taɓa ɗaure noti na ƙarfen da ba ya tsatsa ya san yadda yakan cije a tsakiyar hanya, ba gaba ba baya, sai dai a yanke shi. Tiredin ne suka manne da juna. Busasshen shafi na hana wannan, yana kuma sa notin da ya shekara biyar a waje ya kwance ba tare da an kunna masa wuta ba. Amma akwai lissafin da ya kamata kowane injiniya ya riƙe. Daga ƙarfin da kake sawa a sifana, kusan kashi 90 cikin 100 a gogayya yake tafiya, a tiredi da ƙarƙashin kan notin. Kashi 10 ne kawai ke matse abin da ake son matsewa. Idan shafi ya rage gogayyar da rabi, kai kuma ka ɗaure da adadin ƙarfin da littafi ya rubuta don noti mara shafi, matsin zai kusa ninkawa, ƙarfen ya miƙe ko ya tsinke. A bututun gas ko tukunyar tururi wannan maganar rai ce. Wanda ya sayar maka da noti mai shafi bai faɗa maka sabon adadin ɗaurinsa ba, aikinsa bai cika ba.

Babban rauninsa kuwa shi ne ba ya dawowa. Mai idan aka ture shi yakan gangaro ya sake rufe wurin, ana kuma iya ƙara shi. Busasshen shafi ƙidayayye ne, duk gugar da aka yi ta rage shi, inda ya ƙare kuma ƙarfe ya haɗu da ƙarfe kenan. Babu labarin da ya nuna wannan kamar na kumbon Galileo, wanda NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta aika duniyar Mushtari.

Babbar eriyar kumbon kamar lema take, faɗinta mita 4.8, da haƙarƙari 18 da aka naɗe a jikin sanda ta tsakiya. 'Yan ƙusoshin da ke riƙe haƙarƙarin an yi musu shafin moli. An shirya harba shi a 1986, sai Challenger, ɗaya daga cikin jiragen da ke kai irin wannan kaya sararin samaniya, ya tarwatse a ranar 28 ga Janairun shekarar, komai ya tsaya. Kumbon ya yi ta zirga-zirga a bayan babbar mota tsakanin Kalifoniya da Fulorida, tafiyar dubban kilomita, ya kuma yi shekaru a ajiye da eriyar a naɗe. Aka harba shi ranar 18 ga Oktoba, 1989. Ranar 11 ga Afrilu, 1991 aka ba da umarnin buɗe lemar, ta buɗe rabi ta tsaya. Haƙarƙari uku sun maƙale. Dalilin da masu bincike suka fi rinjayarwa shi ne, girgizar hanya ta goge shafin daga kan ƙusoshin tun suna ƙasa, a cikin iska mai danshi inda moli ya fi saurin cinyewa, da aka isa inda babu iska sai tsiraicin ƙarfe ya kama ɗan uwansa. An juya kumbon ya sha rana, an juya shi ya sha sanyi, an kunna injin buɗewar an kashe fiye da sau 13,000 ko zai fizge, lemar ta ƙi. Eriyar da aka tsara ta riƙa aiko da bayanai har bit (ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta a kwamfuta) 134,000 a daƙiƙa ɗaya ta tashi aiki, aka koma kan ƙaramar eriya wadda a farkon lissafi wajen bit 10 kawai za ta iya daga Mushtari. Injiniyoyi sun sake wa kwamfutar kumbon tsari daga nesa, suka ƙara wa tashoshin ƙasa ƙarfin ji, har aka ceto kusan kashi 70 cikin 100 na binciken bayan ya isa a Disambar 1995.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin nan shi ne, ba a zaɓi shafin da bai dace ba. Moli shi ne daidai ga sararin samaniya. An yi lissafin aikinsa a sama, ba a yi lissafin abin da hanya da ajiya za su ci daga jikinsa ba. Sai na tuna yadda kayan gyara ke iso mana: wata da watanni a kwantena a kan teku, zaman jira a tashar Apapa ko Kwatano cikin danshi da gishiri, sannan kwanaki a bayan tirela zuwa Kano ko Maraɗi, notoci a zube cikin buhu ɗaya suna cin juna a kowane rami na hanya. Kayan da aka yi wa shafi mai kaurin maikiron 10 ba a zuba su kamar gyaɗa. Kowanne na son a naɗe shi ko a raba shi da na kusa da shi, a ajiye inda ba ya shan raɓa.

Kada kuma a ɗauka tunda ba ya kama ƙura to ƙura ba ta yi masa komai. Moli da girafait suna cikin ma'adinai mafi taushi, farce ma na iya kartar su. Idan yashi ya samu shiga tsakanin ƙarafan zai gurje shafin. Ribar ita ce bai gayyato yashin ya ajiye shi ba, amma murfi da roba mai tare ƙura na nan da aikinsu. Haka nan ba ya kwashe zafi kamar yadda mai ke yi idan yana zagayawa, don haka ba a cire wa boris mai gudu mai a ce shafi ya wadatar. Sau da yawa ma haɗa su ake yi. Baƙin shafin da ke gefen fistan ɗin motocin zamani an sa shi ne don 'yan daƙiƙun nan na tayar da inji da safe, kafin famfo ya harbo mai sama.

PTFE na da wata rigimar ta daban. Yana cikin dangin sinadaran da ake kira PFAS, waɗanda ba sa ruɓewa a ƙasa ko a ruwa. Ɗaya daga cikin waɗanda aka daɗe ana amfani da su wajen sarrafa shi, PFOA, an sa shi a jerin haramtattu na Yarjejeniyar Stockholm, ta ƙasashen duniya kan sinadarai masu guba, a 2019. A Janairun 2023 Jamus da Holan da Denmak da Norwe da Suwidin suka miƙa wa hukumar sinadarai ta Tarayyar Turai buƙatar a taƙaita dangin baki ɗaya. Ga mai aiki a bita kuwa akwai abin da ya fi wannan kusa: idan aka sa wutar walda ko ta yanka a kan ƙarfe mai shafin PTFE, hayaƙin da ke tashi na sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Yaranmu masu walda da ke yanka tsofaffin bututu ba tare da abin rufe hanci ba sun cancanci a faɗa musu wannan. Kuma shafin masana'anta ba na abinci ba ne, kada wani ya fesa shi a faifan injin markaɗe.

Tunda ido ba ya raba su, mai saye sai ya yi tambaya, kuma sai an gwada akan san na ƙwarai. Wane gari ne a ciki, moli ko girafait ko PTFE? An gasa shi, a digiri nawa? Me aka yi wa ƙarfen kafin feshi? Kauri nawa, kuma da me aka auna? Kamfanin kirki zai nuna takardar gwaji: awa nawa kayan suka yi a akwatin feshin ruwan gishiri na ƙa'idar ASTM B117 kafin tsatsa ta ɓullo, da minti nawa shafin ya jure a injin da ke murza ƙusa tsakanin ƙarafa biyu, gwajin ASTM D2625. Wanda ba shi da ɗakin gwaji ma yana da abin yi a bakin shago. Ya ɗauki noti ɗaya daga cikin kayan, ya manna masa salatif mai ƙarfin gam, ya danne da babban yatsa, ya fizge lokaci guda. Ɗan baƙi-baƙin gari a jikin salatif ba komai ba ne. Idan kuwa shafin ya biyo shi ɓawo-ɓawo har farin ƙarfe ya leƙo, a mayar wa mai kaya kayansa.